Sulhu Tsakanin Musulmi: Mai Raba Faɗa Ba Ya Da Ɗan Ɗaki

  

Duk wanda ya saba kasa kunne ga rediyo bayan sallar magariba, ko a Dambatta yake, ko a Kunya, ko a wani ƙauye na ƙasar Bichi, ya sha jin an ce an kira taron sulhu saboda wata ƙasa ta Larabawa wadda 'ya'yanta suka ɗaukar wa juna makamai. Yau a ce Yaman, gobe Libiya, jibi Sudan. Yaƙin Sudan ya ɓarke cikin watan Afrilu na 2023, cikin watan Mayu aka tara wakilan ɓangarorin biyu a Jidda suka sa hannu a takarda, amma harbi bai tsaya ba. Sai mai sauraro ya yi ta mamaki, ya ce mutanen nan alƙiblarsu ɗaya, kuma da harshensu Alƙur'ani ya sauka, me ya sa sulhu ba ya kama su? Dalilai suna da yawa. Darasinmu na wannan mako zai tsaya a kan guda ɗaya daga cikinsu, watau halin wanda ya shiga tsakani.

Asalin hukuncin yana cikin Suratul Hujurati, aya ta 9 da ta 10. Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Maliku cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau jaki ya tafi wurin Abdullahi ɗan Ubayyu. Abdullahi ya faɗi maganar raini, wani mutumin Madina ya mayar masa, dangin kowa suka taso, aka yi ta bugun juna da zarben dabino da takalma da hannuwa. Aka ce a kan wannan ne ayar ta sauka. Ku lura, ya 'yan'uwa, faɗan takalma ne, ba a zare takobi ko ɗaya ba, amma hukuncin da ya sauka a kansa ya isa ya ɗauki yaƙin ƙasa guda.

Abin da ayar ta ƙunsa a taƙaice shi ne, idan jama'a biyu na muminai suka yi faɗa, wajibi ne sauran Musulmi su sulhunta su. Idan ɗaya ta ƙi, ta zaɓi zalunci, sai a haɗu a kanta har ta komo ga umurnin Allah. Idan ta komo, sai a sake komawa ga sulhu, kuma a wannan karon aka ambaci adalci, aka sake nanata shi. Da farko dai umurnin yana fuskantar 'yan kallo ne, waɗanda faɗan bai shafe su ba. Malamai suka ce farilla ce ta kifaya, idan wasu suka tsaya da ita ta sauka daga kan saura, idan kowa ya naɗe hannu kowa ya yi laifi. Manzon Allah da kansa ya taɓa fita zuwa unguwar Bani Amru ɗan Aufu don ya sulhunta su, ya daɗe can har lokacin salla ya yi, aka gabatar da Sayyidina Abubakar ya shiga limanci. Wanda ya san matsayin limancin Annabi a masallacinsa ya san nauyin abin da ya tsare shi.

To, me ya sa aka jinkirta ambaton adalci sai a gaɓar ƙarshe? Domin nan ne ƙafa ta fi zamewa. Wanda ya shiga tsakani, ya kai ga taimakon wani ɓangare a kan wani, zuciyarsa ta riga ta karkata. Ya sha wahala tare da waɗannan, ya ji zafin waɗancan. Ran da aka zauna rabon hakki sai ya ga kamar wanda aka rinjaya ba shi da sauran baki. Shari'a ta toshe wannan ƙofa. A mazhabarmu ta Malikiyya, da sauran mazhabobi, masu tawaye suna nan Musulmi. Ana kiransu zuwa ga gaskiya tukuna kafin a yaƙe su, ba a ƙarasa mai rauni a cikinsu, ba a bin wanda ya juya baya idan an amince da sharrinsu, dukiyarsu ba ganima ba ce, matansu da 'ya'yansu ba su zama bayi. Haka Sayyidina Aliyu ya yi bayan yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan Hijira, daga aikinsa ne malamai suka ciro yawancin wannan babi.

Kafin mu ƙetare Bahar Maliya, bari mu fara da gida, domin mu Kanawa mun ɗanɗana wannan abu, har kalmar da 'yan jarida ke amfani da ita yau, watau basasa, sunan yaƙinmu ce.

Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya bar 'ya'ya masu yawa, da yawansu suna riƙe da sarautu. Ƙanensa Muhammadu Bello ya gaje shi, ya yi ta tuɓe 'ya'yan wansa, ya ɗaukaka ɗansa Tukur har ya kai shi Galadima. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, sai magana ta koma Sakkwato, gama Sarkin Musulmi ne mai naɗa sarakunan tuta, kuma shi ne uban kowa idan rigima ta tashi. Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin. Masu tarihi sun ce ya fahimci inda zukatan manyan gari suka karkata, watau wajen Yusufu ɗan Abdullahi, ya kuma isar da abin da ya gani. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya riga ya ƙulla Tukur a ransa, saboda jaruntar da ya nuna a yaƙin Argungu. Aka naɗa Tukur. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai.

Daga wannan rana Kano ta rasa mai raba faɗa. Wurin da ya kamata a kai ƙara shi ne ya zama mai ɗan takara. Yusufawa ba su da wanda za su gaya wa kokensu ya saurara da kunne biyu, Tukur kuwa ba ya ganin dalilin rangwame tun da yana da goyon baya daga sama. Yusufawa suka kawo hari birni aka kore su, suka koma suka yi ta cin garuruwan gabas da kudu. Yusufu ya rasu a Garko cikin 1894, jama'arsa suka ɗora ƙanensa Aliyu Babba, wanda ya shiga Kano a wannan shekara. Tukur ya fita ya nufi wajen iyakar Katsina, ya zauna a Kamri. Sakkwato ta aika wa sarakuna su kawo masa gudunmawa, suka yi ta jan ƙafa, domin ba su ga umurnin a matsayin tsayar da mai zalunci ba, sun gan shi kamar kare zaɓin mutum guda. Cikin watan Maris na 1895 aka gwabza a Tafashiya, Tukur ya sami raunin da ya zama ajalinsa. A ƙarshe Sakkwato ta amince da Aliyu, wanda ma jikan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne ta wajen uwa. Abin da za a iya shiryawa a zaure da goro sai da aka biya shi da rayuka. Allah Ya gafarta musu baki ɗaya, ba mu kawo labarinsu don zargi ba.

Talaka ne ya biya mafi yawan kuɗin. An ƙone garuruwa, an kwashe rumbuna, an kama 'ya'yan Musulmi an bautar, abin da muka ga shari'a ta hana ƙarara. Kuma gida da ya tsage ba ya rasa baƙo. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya Damagaram ta kawo yaƙi har cikin gonakin arewacin Kano, tsofaffin ƙasar Dawakin Tofa sun gaji labarin yaƙin Tattarawa daga kakanninsu. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka shiga birni, shekara takwas kacal bayan Tafashiya.

Shekara tamanin da huɗu bayan basasa, sai ga Kano ta zama masaukin masu sulhu. Cadi ba ta cikin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, amma Larabci yana cikin harsunan mulkinta, kuma maƙwabciyarmu ce. Cikin Fabrairu 1979 faɗa ya kaure a Njamena tsakanin sojan Shugaba Felis Mallum da mayaƙan Firayim Ministansa Hisen Habre. Cikin Maris gwamnatin Janar Obasanjo ta kira su Kano, tare da Gukuni Wadai da shugaban wata ƙungiya ta bakin Tabkin Cadi, ga wakilan Libiya da Sudan da Nijar da Kamaru. Aka yi yarjejeniya cewa Mallum da Habre su sauka, a tsagaita wuta, sojan Nijeriya su shiga Njamena su tsaya a tsakiya. Mallum ya cika alkawari, ya sauka ya dawo Nijeriya da zama. Amma an bar wasu ƙungiyoyi a waje, masu jingina da Libiya, taron Kano na biyu cikin Afrilu ya watse a kan maganar shigar da su. Kuma a faɗi gaskiya ko da a kanmu ne: ita ma Nijeriya ana ganin tana da nata a cikin masu faɗan, watau ƙungiyar nan ta bakin tabki, wadda ɗanta Lol Muhammad Shuwa ya zama shugaban riƙo a ƙarshen Afrilu. Faransa kuma sojanta suna ƙasar. Zuwa watan Yuni sojanmu sun dawo gida. Sai da aka sake zama a Ikko cikin Agusta da ƙungiyoyi goma sha ɗaya aka kafa gwamnatin haɗin kai, ita ma ta wargaje cikin Maris 1980, sojan Libiya suka shigo a bayan Gukuni, Habre ya ƙwace Njamena a 1982. Niyya mai kyau ta kawo mutane Kano, amma kusan kowane mai masauki da kowane mai rakiya yana da wanda yake so ya ci.

Yanzu sai mu dubi Labanan, ƙasar Kwarorin nan da iyayenmu suka sayar wa gyaɗa. Yaƙinta ya fara cikin Afrilu 1975 ya ɗauki shekara goma sha biyar. Ba tsakanin Musulmi kaɗai aka yi shi ba, akwai Kirista Maroniyawa, da 'yan Sunna, da 'yan Shi'a, da Duruz, da Falasɗinawa 'yan gudun hijira, kuma sau da yawa 'yan addini ɗaya sun juya wa juna bindiga. Amma ƙa'idar adalci ba ta san wannan bambanci ba, Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayya ta ja mu ga barin adalci ga kowa. Cikin Oktoba 1976 shugabannin Larabawa suka zauna a Riyad, sa'an nan a Alƙahira, suka kafa rundunar raba faɗa ta kimanin soja dubu talatin. Abin ya yi kama da cika umurnin ayar. Sai dai mafi yawan sojan na Siriya ne, Siriya kuwa ta riga ta shigo yaƙin da ƙafarta tun tsakiyar wannan shekara, tana da waɗanda take ɗagawa da waɗanda take dannewa, kuma takan sauya su idan bukatarta ta sauya. Cikin 'yan shekaru sojan sauran ƙasashe suka janye, aka bar ta ita kaɗai da sunan rundunar Larabawa. An ba kura ajiyar nama, aka kuma ba ta takardar shaida. Isra'ila ta shigo a 1978, ta sake shigowa a 1982 har Bairut.

Sai a taron Kasabalanka na Mayu 1989 aka canja salo. Aka ɗora aikin a kan mutum uku, Sarki Fahad na Saudiyya, da Sarki Hasan na Biyu na Maroko, da Shugaba Shazali Bin Jadid na Aljeriya, aka naɗa Lakhdar Brahimi, mutumin Aljeriya, ya riƙa kai da kawowa. Babu ɗayansu mai soja a Labanan, biyu daga ciki ma suna can yammacin Afirka ta Arewa, ba su haɗa iyaka da kowa a cikin rigimar ba. Aka kwashi 'yan majalisar da aka zaɓa tun 1972, mutum 62 daga cikin waɗanda suka rage, Musulmi da Kirista, aka kai su Ɗa'ifa, garin nan da aka jefi Manzon Allah da duwatsu ya ƙi yi wa mutanensa mugunyar addu'a. Suka zauna daga ƙarshen Satumba zuwa 22 ga Oktoba 1989. Abin da ya sa wannan zama ya bambanta da na baya shi ne an taɓa tushen ƙorafin. Da can kujerun majalisa shida na Kirista ne a kan kowane biyar na Musulmi, aka mayar da su daidai wa daida. Aka rage ikon shugaban ƙasa aka mayar wa majalisar ministoci. Aka ce ƙungiyoyi su ajiye makamai. Ba wanda ya tashi da duk abin da yake so, ba kuma wanda aka kora hannu wofi.

Wani zai ce, malam, ai wanda ba shi da bukata a cikin rigima galibi ba shi da ƙarfin raba ta, mai ƙarfi kuwa ba ya rasa bukata. Wannan magana tana da nauyi, kuma Ɗa'ifa kanta shaida ce. Saudiyya tana da abokai a Labanan. Kuma ba a sami shiru ba sai da aka lallashi Siriya, aka bar maganar fitar sojanta a dunƙule, ba su fita ba sai 2005. An kashe shugaban da aka zaɓa bayan yarjejeniyar, Rene Mu'awwad, bai cika mako uku a kan mulki ba, Janar Mishel Aun ya ƙi amincewa sai da aka fitar da shi da ƙarfi cikin Oktoba 1990, Hizbullahi ta riƙe makamanta. Duk da haka yaƙin ya tsaya. Shari'a ba ta nemi mai sulhu ya zama marar dangi ba, wannan ba ya samuwa a cikin 'yan Adam. Abin da ta nema, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 135, shi ne ya iya tsayar da gaskiya ko da a kan kansa ko iyayensa ko makusantansa. Idan ya san ba zai iya ba, to ya haɗa kansa da waɗanda za su riƙe masa hannu, kamar yadda aka yi kwamitin uku, ko ya ja baya. Yaman ta Arewa ta nuna amfanin ja da bayan. Daga 1962 Masar tana bayan 'yan jamhuriya da dubban soja, Saudiyya tana bayan Imam Badar. Shugaba Nasir da Sarki Faisal suka yi yarjejeniya a Jidda a 1965, taron Harad da ya biyo baya ya tashi ba a cim ma komai ba. Sai bayan taron Hartum na 1967, da sojan Masar suka koma gida, sa'an nan Yamaniyawa suka sami sukunin shirya kansu a 1970.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen sarakuna ne da janar-janar. A ƙasarmu ta arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, babu saura babu daji, kowace shekara ana zuba taki a noma wuri ɗaya, rigimar da ta fi yawa ita ce ta iyaka da ta gado. Wani ya ci kunya guda bana, baɗi ya ƙara guda, gambar da aka dasa ta zama shaida ta bushe ko an tumɓuke ta. Makiyayi ya tarar an shuka burtalin da ubansa ya bi. Waɗanda ake kira su ne mai unguwa, da liman, da dattawan dangi, in ta ƙi a je ga dagaci, daga nan hakimi ko alƙali. Ayar nan tana kan kowane ɗayansu kamar yadda take kan sarakunan Larabawa. Dattijon da aka kai wa buhun gero da dare kafin ranar zama, ko wanda 'yarsa ke aure a gidan ɗaya daga cikin masu rigima kuma ya san zuciyarsa ba za ta iya ba, wajibinsa ya faɗa a fili, ya nemi a ƙaro wasu ko a sauya shi. Kunya ba uzuri ba ce a nan. Wanda aka danne a zaure zai yi shiru don girman furfura, amma 'ya'yansa suna ji, su ne za su tono maganar ran da dattijon ya kwanta dama.

Akwai kuma kuskuren da aka yi a Kano a 1979 wanda muke maimaitawa a rabon gona, watau barin mai hakki a waje. Maza su zauna su daidaita, 'yan'uwa mata suna gidajen aurensu ba a aika musu ba, ko wani magaji yana ci-rani a Ikko ko Fatakwal, a ce ai ba zai ƙi abin da manya suka yi ba. A fiƙihu wannan sulhu bai hau kan wanda ba ya nan ba, sai idan ya wakilta wani da bakinsa, ko ya ji abin da aka yi ya yarda. Maraya kuwa waliyyinsa ba shi da ikon yafe masa ko taƙi ɗaya na gona don a zauna lafiya, sai abin da yake maslaha ce ga yaron a fili. Kuma duk sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal, kamar a ce mace ta haƙura da rabonta tilas don kada gona ta fita daga gida, ɓatacce ne tun daga tushe, ko da liman ya shafa fatiha a kansa, ko da an rubuta shi an buga hatimi. Idan ita ce ta ga dama, bayan an auna an nuna mata nata, ta sayar wa 'yan'uwanta ko ta ba su kyauta, wannan ya halatta, kuma ya kamata a kafa shaidu biyu adilai a rubuta.

Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu ɗauki hukuncin ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka, da bambancin da malamai suka yi tsakanin ta dare da ta rana.